Wandon shiga ruwa da na taho da shi daga Sikotlan: abin da ya yi a kogin Tay da abin da ya kasa a gulbin Rima

Duk wanda ya yi sallama gidana a Runjin Sambo ranar Asabar da la'asar, abin da zai fara cin karo da shi a tsakar gida rabin mutum ne rataye a igiyar shanya, ƙafafu sama, ƙirji ƙasa, yana ɗigar ruwa. Jikokina sun saba. Baƙi ne har yau sai sun ja da baya da a'uziyya, kafin Hajiya ta leƙo ta ce, "Ku shigo, wandon Malam na."

Wandon shiga ruwa ne, irin mai kaiwa har ƙirji, mai maratayi biyu a kafaɗa. Na taho da shi daga Sikotlan a Satumbar 2024, shi da takalminsa da sandar dogarawa da rigar ceto. Na gaji da amsa tambaya ɗaya a ƙofar masallaci da zauren WhatsApp na tsofaffin abokan aiki: nawa ne, yana da amfani, ko a aika a sayo? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Sunan kamfanin ba zai fito daga bakina ba, don ba su ba ni kuɗin talla ba, kuma akwai inda zan kushe.

Ni ba masunci ba ne, kada Sarkawa su ji su yi mini dariya. Malamin aikin gona ne da ya ajiye aiki, ina da 'yar fadama wajen Kwalkwalawa, albasa da tattasai da rani, shinkafa da damina, injin ban-ruwa guda ɗaya mai yawan tari. Fatsa dai tun ina yaro nake yinta, da kara da zare da tana, kuma girma bai raba ni da ita ba. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ma'aikacin jinya ne a garin Dundee. Mutanen can Dandi suke cewa, don haka shekara huɗu ke nan uwarsa tana gyara wa mata zance a gidan biki: yaronta ba dandi ya shiga ba, ba kuma Dandin Kamba ya tafi ba. Garin yana daidai inda kogin Tay ke zuba a teku, kuma Tay ɗin shi ne kogi mafi tsawo a ƙasar. Da muka je ganin jika, sai yaron ya ce ya biya mana yini guda na kamun kifin salmon, tunda ya san halin ubansa.

A wani shago a Perth muka sayi kayan. Wando fam 160, takalmi 95, rigar ceto 85, sanda 45. A lokacin fam ɗaya ya haura naira 2,000, na buga lissafi a tsaye na ga kuɗin ya wuce naira 750,000, na ce a mayar musu da kayansu. Ya ce, "Baba, ai ba na yau kaɗai ba ne, da su za ka koma fadama." Da wannan ya kashe bakina.

Yadin wandon sirara ne hawa-hawa da aka manne, ruwa ba ya ratsawa ya shigo amma tururin gumi yana fita. A ƙasa an ɗinka masa safa ta roba mai laushi kamar soso, sai a zura ta cikin takalmi daban, wanda dole ya fi lambar ƙafarka girma. Tafin takalmin iri biyu ne. Akwai na ulu dannanne, irin yadin jar dara, shi ya fi kama dutse mai gansakuka. Akwai na roba da ake ɗaura wa ƙananan ƙusoshi. Mai shagon ya tambayi irin ruwan garinmu, na ce yashi da laka, ya ce to in manta da na ulu, a laka santsi yake kamar sabulu, ga shi ba ya bushewa da wuri, yana kwasar ƙwayoyin cuta daga wannan kogi ya kai wancan. Saboda haka ne New Zealand ta hana masu fatsa amfani da shi tun 2008. Su kansu mutanen Sikotlan suna cikin fargabar wata 'yar mitsitsiyar halitta da ke manne wa fatar 'ya'yan salmon, wadda ta yi wa kogunan Norway ɓarna mai yawa, don haka baƙo in ya zo da kayan da suka taɓa shiga ruwan wata ƙasa sai an tambaye shi ko ya wanke su da magani. Nawa sababbi ne fil a kwali, ba a yi mini wannan tambayar ba.

Can ba a tashi haka kawai a nufi kogi. An yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane yanki da mai haƙƙin kamun kifinsa, sai da izininsa a rubuce. Ranar Lahadi doka ta hana kamun salmon gaba ɗaya. A Tay ana buɗe kakar kamun ranar 15 ga Janairu a rufe 15 ga Oktoba. Namu yankin yana kusa da Dunkeld, kuma kowane yanki da jagoransa, gili suke ce masa, kamar dai a ce sarkin ruwan wurin amma mai albashi. Namu wani dattijo ne gajere mai jar fuska, maganarsa ko ɗana sai ya kasa kunne sosai.

Na ɗauka sandar fatsa zai fara miƙo mini. Ko kallonta bai yi ba. Ƙuguna ya tsura wa ido. Wandon yana zuwa da ɗamara mai faɗin yatsa uku, kyauta a cikin kwalin, ni kuma na ɗaura ta sakwa-sakwa yadda nake ɗaure tazuge in na ci tuwo na ƙoshi. Ya sa na tsuguna har iskar da ke cikin wandon ta fice ta sama da ƙara irin wadda dattijo ba ya so a ji daga wajensa, sannan ina tsugune ya ja ɗamarar har na ji ta a haƙarƙari. Na ce masa, ta bakin ɗana, ai ni abin da na sani shi ne in wandon nan ya cika da ruwa zai ja mutum ƙasa kamar an ɗaura masa dutse. Ya girgiza kai. Ya ce ruwan da ke cikin wando bai fi na wajensa nauyi ba, muddin kana cikin kogi ba zai nutsar da kai ba. Abin tsoron biyu ne. In bakin wandon a buɗe yake kuma ruwa na gudu, sai ya hangame kamar buhu, kogin ya cika shi ya tafi da kai inda ya ga dama. In kuma Allah ya kai ka gaɓa, nan nauyin zai bayyana, kowace lita kilo guda ce, ga ka a gajiye, ga sanyi ya kashe maka hannu. Ɗamarar ba ta hana ruwa shiga ƙwata-ƙwata, jinkirta shi take yi.

Kafin mu shiga ya karyo wani tsinke ya soke daidai bakin ruwa, ya ce in riƙa waiwayensa. A sama akwai madatsun samar da lantarki, irin ta Pitlochry da ke kan kogin Tummel mai zubowa cikin Tay, in an ƙara sakin ruwa sai kogi ya taso alhali sama garau. Wannan kam bai buƙaci fassara ba. Wanda ya zauna ƙarƙashin Goronyo da Bakolori, ya kuma ga Satumbar 2010 lokacin da ruwa ya cinye gadar hanyar jami'a, ba a koya masa cewa gulbi na iya cika ba tare da hadari ba. Sai dai ban taɓa tunanin soke tsinke ba, ga shi abu ne da ko sisi ba ya ci.

Tafiya cikin Tay ba ta yi kama da tafiya cikin Rima ba ko kaɗan. Ƙasan duk duwatsu ne mulmulallu, daga mai girman goruba zuwa mai girman kabewa, kowanne da yauƙi kamar an shafe shi da miyar kuɓewa. Gilin ya ce kada in ba ruwa gabana ko bayana, in ba shi gefe, don ya sami ɗan abin turawa. Kada in ɗaga ƙafa, in ja ta. Kada ƙafa ta haye ƙafa. Sanda a ɓangaren da ruwa ke tahowa, kuma a kowane lokaci abu biyu cikin ukun nan, ƙafa biyu da sanda, su kasance kafe kafin na uku ya motsa. Ya hana ni kallon ruwan da ke gudu a gabana, wai yana sa jiri, in kafa ido a kan bishiyar tsallake. Ya kuma tilasta mini tabarau da hula, don ƙugiya in iska ta kaɗo ta ba ta san ido ba. Sandar tana da nauyi a gindi, in ka kafa ta ruwa ba ya ɗauke mata ƙafa, da igiya da ke rataye a kafaɗa, in za ka yi jifa sai ka sake ta ta yi ta lilo a gefenka. A nan ƙusoshin takalmin suka biya kuɗinsu. Ina jin su suna cizon dutse, ƙaras ƙaras, kuma awa uku ina tsaye ruwa iya cinya ko ɗigo bai taɓa fatata ba.

Kifin kansa abin a tsaya a yi tasbihi ne. A tsakuwar kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi 'yan shekaru, ya gangara teku har wajen tsibiran Faroe da Greenland ya yi ƙiba, sannan ya juyo ya nemi kogin da aka haife shi don ya yi ƙwai. A Pitlochry har matakala aka gina masa, tafkuna 34 a jere, don ya haye madatsar. In ya dawo ruwan daɗi kuma ba ya kiwo. Ke nan ba tana za ka ba shi ba, tsokanarsa za ka yi da ƙugiyar da aka yi wa ado da gashin tsuntsu da zare mai ƙyalli, a jefa da sanda mai ƙafa 14 da hannu biyu, a bar ruwa ya kewayo da ita, a ja taki ɗaya ƙasa, a sake jefawa. Haka har yamma. Gilin ya nuna mini ƙasa da hannu, wajen Caputh, ya ce a can ne a Oktobar 1922 wata mace, Georgina Ballantine, ta kama mai nauyin laba 64, wajen kilo 29, kuma har yau ba wanda ya kama wanda ya fi shi da sanda a Birtaniya. Na ce a gaya masa wanda ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ne, kuma da homa da gora aka fito da shi. Ya ɗaga hula.

Wajen ƙarfe ɗaya saura na ji an ja zaren, ja mai nauyi, a hankali, kamar saniya ta taka igiya. Duk karatun safe ya tashi daga kaina. Na juya na ba ruwa ƙirji, na ja da baya, ƙafar dama ta haye ta hagu, sanda tana can tana lilo ba mai riƙe da ita. Ban san lokacin da na kwanta ba.

Gilin ya auna ruwan da safe, digiri 11. Mutumin Sakkwato da ruwan randa ke sa shi rawar ɗari da hunturu bai san wannan ba. Ba sanyi na fara ji ba, numfashina ne ya ƙwace, na ja iska da ƙarfi ba da niyya ba, na kasa fitar da ita. An ce duk ruwan da ya gaza digiri 15 yana yin haka a minti na farko, kuma wanda kansa ke ƙasa lokacin wannan shaƙar, ruwa zai shaƙa. Kaina bai kai ƙasa ba, don rigar ceton ta fashe da ƙara kamar tayar babur, ta kumbura ta tallafe mini haɓa. Ina jin dattijon yana ihu, ɗana yana maimaitawa da Hausa, "Baba kwanta rigingine! Ƙafa gaba! Kada ka miƙe!" Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, don duk jikinka tsayuwa yake nema, alhali in ka kafa ƙafa a ruwa mai gudu ta maƙale tsakanin duwatsu, kogin kifa ka zai yi ya danne. Na bi maganarsu, na yi ta tuƙi da hannu ina kalmar shahada guntu-guntu, ruwa ya yi tafiya da ni kamar tsawon sahu biyu na masallacin unguwa, har ɗuwawuna ya gogi tsakuwa. Da rarrafe na fito. Da aka kwance ɗamarar, riga ta jiƙe sharkaf, amma ruwan da ya wuce ƙugu ya gangara ƙafa bai fi buta ɗaya ba. Kifin kuwa ya yi gaba da ƙugiyar gilin.

Akwai 'yar bukkar katako a bakin ruwa mai murhu, nan na sake kaya, na sha shayi uku, na yi sallah. Ɗana bai yi magana ba sai da muka kusa gida, ya ce kada in gaya wa uwarsa. Da yamma wani da muke yanki ɗaya ya kama, kifi fari tas kamar azurfa, tsawon hannuna. Ko daga ruwa ba su ɗaga shi ba, aka zare ƙugiya, aka riƙe shi yana fuskantar ruwa har ya farfaɗo, aka sake shi ina kallo. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda ake kamawa da sanda a Sikotlan haka ake mayar da shi, sayar da shi ma laifi ne, don kifin ya ragu ƙwarai, har a Disambar 2023 aka sa na Birtaniya cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Na fahimci dalilin, amma yawuna ya tsinke. Da na ba Hajiya labari, ban da faɗuwar, sai ta ce, "Kun biya kuɗi, an kama, an saki. To mi kunka je yi?"

Yanzu ga abin da masu tambaya suka fi so su ji, wato yadda kayan suka yi a gida.

Da hunturu wandon nan ba shi da na biyu. Disamba da Janairu, bayan asuba, lokacin da ake shiga ruwa a gyara bakin tiyon injin da ciyawa ta toshe, yara suna ta noƙewa kowa na jiran wani, ni sai in zura in shiga iya ƙugu in fito a bushe in sha kununa. Amma daga Maris labari ya sake. Wancan fitar gumi da aka yi mana alkawari yana aiki ne in waje ya fi ciki sanyi. A Afrilun Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ɓangaren da ke cikin ruwa lafiya lau, daga ƙugu zuwa ƙirji kuwa kamar an turara ka a madambaci. Sau ɗaya na yi taurin kai har ƙarfe 11, na fito jiri na ɗibata, da ƙuraje a mara da suka yi mako. Yanzu da bazara ƙarfe 9 na yi na tuɓe. Ga wahalar alwala da kama ruwa: sai ka cire rigar ceto, ka kwance ɗamara, ka sauke maratayi, ka kwance takalmi, abin da wanda ya ɗinka shi bai taɓa kawowa a ransa ba.

Yadin kuma ba a yi shi don gaɓarmu ba. Can ciyawa ce mai laushi. Nan gumbi ne da ƙaya, ga ƙurungu da in ka kama shi ya miƙe ƙayoyinsa sai ya huda duk abin da ya taɓa. Wata na biyu na ji sanyi a gwiwar hagu. Na kai wa mai facin da ke bakin hanya, ya juya shi ya juya, ya ce zai ɗora masa facin wuta, na fizge abina. Yadda ake yi, a juya cikinsa waje, a fesa masa sifirit na asibiti, duk inda ya huje sai ya yi ɗigon baƙi, a shafa gam ɗin da ke zuwa a ɗan bututu, a bar shi ya kwana. Ya zuwa yau na toshe huji tara, wannan laifin ƙaya ne. Wanda ba zan yafe ba shi ne ɗinkin da ya haɗa safa da yadi a ƙafar dama, wata bakwai kacal ya fara tsatsafa, ba ƙaya ba komai. Wandon fam 160 bai kamata ya yi haka ba. An ce akwai garanti, amma kuɗin aika shi ya dawo ya isa buhun taki.

Ƙusoshin da suka yi mini rana a Tay, a nan kaya ne kawai. A yashi ba abin da za su ciza, a laka ba su hana santsi. Akwai wani Basarke da muka shekara 20 muna mutunci, shi ke fitar da ni tsallake in ruwa ya yi yawa. Ranar da na taka jirginsa da su, ya dubi zanen da suka yi wa katako ya ce, "Malam, ko ka hidda wanga takalmi ko ka biyo mu da iyo." Da filaya na kwance su ɗaya-ɗaya a daren. Yashi kuma yana shiga takalmin ya riƙa cin safar kamar sanfefa, dole duk dawowa a zazzage a ɗauraye.

Haɗarin Rima daban ne. Ba sanyi, ba dutse, amma ƙasan ba ta da amana. Inda ka taka jiya iya gwiwa, yau yashi ya gusa ya zama iya wuya. Ga ramukan da masu ɗibar yashi ke bari, ga ruwan da ba ka ganin tafin hannunka a ciki, ga laka da in ta riƙe takalmi mai igiya ba za ka zare ƙafa ka bar mata shi ba kamar yadda za ka yi da silifa. Nan sandar ta zama idona. Ba na ɗaga ƙafa sai ta riga ni ta shaida akwai ƙasa. Sau biyu ta nutse har hannuna ya shiga ruwa ba ta taɓa komai ba, taki ɗaya a gabana. Abokina Basarke, wanda ya raina komai na cikin kayan, ita kaɗai ya ɗaga ya jinjina, sannan ya ce, "Wagga ɗai ta yi. Amma ita ma maƙeri na iya ta." Gaskiya ya faɗa. Na sami sandar gora biyu iya ƙirji, maƙeri ya cusa musu guntun bututun ƙarfe a gindi ya cika da darma, muka huda sama muka zura igiya. Yaran gona su suke riƙewa yanzu, kuma ban ga abin da ta fam 45 ta fi su ba sai kyan gani.

Maganar dattijon can ta cika wando ba ta bar raina ba, sai da na gwada. Ban ce kowa ya kwaikwaya ba. A wani wuri marar gudu, iya ƙirji, da igiya a hammata, Basarke na cikin jirgi a kaina, yara biyu a gaɓa, na kwance ɗamara na kwanta. Ruwa ya kwarara ciki har ƙafa. Ban nutse ba, dattijon bai yi ƙarya ba. Amma ƙafafun sun zama na wani, in na ce su wutsila sai su yi kamar a mafarki. Da na zo fita, ruwa na sauka ƙasa da ƙugu sai nauyin ya faɗo mini gaba ɗaya, na durƙusa, na kasa ɗaga gwiwa in hau gaɓar da ba ta kai kamu biyu ba. Sai da na kwanta na ɗaga ƙafa sama ya zube. Mun tara abin da ya rage a jarka mai lita 20, ya kusa cika ta. Wannan a ruwa kwance ke nan, da mutum uku a kaina, da rana tsaka.

Rigar ceton, wadda ta tallafe ni a Tay, ita ce ta fi ba ni kunya a gida. Aikinta ya rataya a kan 'yar tukunyar iska mai giram 33 da wani ɗan abu da ke narkewa in ya jiƙe ya saki allura. Kowace fashewa sai an sake duka biyun, kuma mai narkewar yana da ranar lalacewa a jikinsa. Mun sa sababbi kafin in taho, sai da muka nemi izinin kamfanin jirgi ma kafin a ɗauko ta. Da damina wani yaro ya ajiye ta a cikin jirgin Basarke inda ruwa ya taru, sai ji muka yi fam! Na zaga kasuwa har ƙafa ta gaji ban sami tukunyar ba. Yanzu sai dai in hura ta da baki tun a gaɓa. Na sayi ta soso, mai ruwan lemo, irin wadda ake raba wa masu fito. Tana da zafi, tana da muni, amma ba ta jiran allura. A jihar da a 2022 jirgi ya kife a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari mutum 29 suka rasu, ta soso guda goma a cikin jirgi ta fi irin tawa ɗaya a wuyan mai kuɗi.

Akwai amfani ɗaya da mai shagon Perth bai san ya sayar mini ba, kuma shi ne ya sa ban yi nadamar kuɗin ba. Tsargiya. Mu da muka tashi a bakin gulbi mun ɗauki fitsarin jini kamar wani sashe na ƙuruciya. Ƙananan dodon koɗi na ruwa ne ke ɗauke da tsutsar, ta fito ta yi iyo, ta huda fatar wanda ke tsaye a ruwa ba tare da ya ji ba, musamman a gefe inda ruwa ya kwanta da ciyawa, daidai inda muke kafa tiyo. Shekaru tana cin mafitsara a ɓoye. Ana maganinta da praziquantel, na sha shi har sau biyu a rayuwata, amma magani ba ya hana ka sake ɗauka gobe in ka koma. Wando ya raba fata da ruwa, in ka haɗa da safar hannu ta roba. Don wannan kaɗai, manomin fadama da ke shiga ruwa kullum ya cancanci ya mallaki ɗaya.

Sai dai ba lallai irin nawa ba. Akwai koren nan na roba zalla mai haɗe da takalmi, wanda masu kiwon tarwaɗa ke sawa in za su kwashe tafki. Ya fi nauyi, ya fi zafi, amma ya fi jure ƙaya, mai faci na iya gyara shi, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar nawa ba. Wanda aikinsa awa ɗaya ne da safe a bakin injin, shi zan ce ya saya. Abin da na lura shi ne yawancin waɗanda na gani ba su zuwa da ɗamara, masu sa su ma ba su san ana yi ba, bakin a hangame har hammata. A tafkin siminti ba komai. A gulbi mai gudu, ko tsohon bel ne, ko robar tiyub ɗin babur da aka yanka da faɗi, a tsuguna a fitar da iska a ɗaure tamau a ƙugu.

Asabar ɗin da ta wuce ƙafata na ciwo, na ba babban yaron gona wandon ya shiga ya ciro tiyo. Ina zaune kan buhu na hango shi ruwa ya kai masa cinya, ɗamara na reto a bayansa kamar wutsiya, sandar gora kuma tana kwance a gaɓa kusa da ni. Na ƙwala masa kira ya fito. Ya ce, "Baba ai nan kusa ne, kuma na iya ruwa." Na ce na sani, tsuguna. Ya tsuguna, iska ta fita da ƙararta, sauran yaran suka fashe da dariya, na ja ɗamarar har ya yi ƙara, na miƙa masa sanda. Tsinken da na soke da safe yana nan, ruwa bai taɓa shi ba.

Da dare na aika wa na Dandi saƙo: bututun gam biyu, tukunyar iska da abin narkewarta, in an sami mai zuwa. Hajiya ta karɓi wayar ta ƙara da muryarta cewa a haɗo da man zafi na gwiwa, kuma wai wace faɗuwa ce jikarta ta ce Kaka ya yi a ruwa.